An Gode Mini Saboda Ungulu

Na yi tsawon ran da har na ga ranar da aka zaunar da ni a kujerar gaba, aka kira ni ta lasifika, aka tafa mini saboda ungulu. Har yanzu idan na tuna sai in rasa ko dariya zan yi ko in nemi wanda zai yi mini bayani. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, ranar Alhamis aka miƙa mini takardar yabo wai don na kiyaye tsohon rimin da ke tsakar gidanmu a Kurmin Sarki, alhali na riga na gama magana da mai injin yankan itace cewa zai zo ranar Asabar ya kayar da shi. Babu wanda ya san da wannan cikin masu tafin, ni kuma na miƙa hannu biyu na karɓi takardar kamar mutumin kirki.

Dole in koma baya kaɗan, don yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin ungulu da idonsu ba. Ni ɗan mahauta ne. Na buɗe ido lokacin da garin nan yake amsa tsohon sunansa na Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birnin da ke can gaba da dutse. A wancan zamani da ka doshi kwata da safe kunnenka zai gaya maka ka iso tun idonka bai gani ba: ƙarar wuƙaƙe ana wasa su a kan dutse, kukan shanu, gardamar mata masu sayen kayan ciki, sai kuma fuka-fukan ungulaye suna sauka kamar ana kakkaɓe tabarma. Sukan jeru a kan rumfa, wuyansu tsirara, suna kallonmu da idon wanda ya san ba za a tashi ba a ba shi ba. Aikina shi ne tsaron ƙirgi. Idan an feɗe sa, sai a shanya fatar a ƙasa a kafe gefunanta da tsinke, a ba ni kara a ce in zauna. Wuni nake ina korar ungulaye, in kori na gabas na yamma su matso, in juya wa na yamma na gabas su dawo. Na tsane su ƙwarai. Sauran yara suna rafi suna wanka, ni ina nan ina faɗa da tsuntsu mai wari. Duk ranar da na ɗauki dutse kuwa sai Baba ya hango ni daga inda yake sara, ya ce, "Kora na ce ka yi, ban ce ka jefa ba. In ka kashe ta kai za ka share wurin nan da yamma?" Gaskiyarsa ce, don kafin la'asar ba ka samun ko ɗigon tumbi a ƙasa, sun kwashe komai.

Akwai wata rana da ta tsaya mini a rai fiye da sauran. Baba ya tafi wata ruga can bayan Chaza zai jawo wani bijimi da ya saya, ya ce zai dawo kafin azahar. Aka yi azahar, aka yi la'asar, rana ta faɗi, shiru. Washegari da sassafe 'yan uwansa mahauta suka ɗunguma nema, na bi su ba wanda ya kula ya kore ni. A rugar aka ce tun jiya da hantsi ya tafi da sansa. Muka bazu cikin daji, kowa kansa a ƙasa yana neman sawu, muna kira muna saurare, har rana ta take. Wani dattijon Bafulatani da ya rako mu shi kaɗai ne ba ya duban ƙasa. Ya tsaya ya dogara sandarsa ya ɗaga kai yana nazarin sama, har wani kawuna ya fara jin haushinsa. Can sai ya nuna da baki ya ce, "Ku bar ƙasa, ga su can suna juyi." Muka duba, sai ga ungulaye can nesa suna kewaya wuri ɗaya. Kowa ya san abin da ke tara su. Manya suka nufi wurin, na bi bayansu.

A cikin wani kwazazzabo muka same shi. Bijimin ne ya firgita ya fizge shi da igiya suka rufta tare, shi bijimin ya karya wuya ya mutu nan take, Baba kuma ƙafarsa ta karye. Yana jingine da bangon kwazazzabon, leɓɓansa sun bushe, ya tara 'yan tsakuwoyi a gefensa yana jifan waɗanda suka sauka a baki suna leƙensa. Mutumin da ya hana ni jifa ke nan. Aka ɗauko shi a kan itace, mai ɗori ya yi aikinsa, ya warke da ɗan ɗingishi wanda ya kai shi har ƙarshen ransa.

Daga ranar ne gardama ta shiga gidanmu ba ta ƙara fita ba. Inna, mahaifiyata, ta ce bayan Allah ungulaye ne suka ceci mijinta. Duk ranar da aka kawo kayan ciki gida sai ta yanki wani abu ta ajiye a gindin rimi, su kuwa ba sa ƙin gayyata. Baba ya ce wannan wauta ce. "Ke kina ganin don su nuna wa mutane inda nake suka taru? Jira suke in cika su fara da idona. Ni na ga irin kallon da suke yi mini." Inna ta ce, "To, da ba su jira ɗin ba wa zai gan ka?" Ya ce ba a gode wa wanda bai nufe ka da alheri ba. Ta ce ita dai alherin ta gani, zuciyar tsuntsu kuma ba ta shiga ba. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, yana tsaki tana ajiyewa. Ni ina tsakiya, in na saurari Baba in ga ya fi gaskiya, in Inna ta buɗe baki in koma wajenta. Har suka rasu ban yanke hukunci ba.

Ban san ranar da ungulaye suka tafi ba. Wannan ma yana damuna, a ce abin da ka wuni kana kora shekaru ya ɓace ba ka lura ba. Garin ya cika ya tumbatsa, gonakin da muke ratsawa suka zama layukan gidaje, manyan itatuwa suka koma katako. Aka riƙa jin wasu na sa musu guba a nama don su sayar da kawunansu ga masu neman asiri. Wata rana dai, ina tsaye a kwata na riga na zama mai gemu, na ga ƙazanta ta kwana ta wuni, ƙudaje da karnuka sun rufe ta, sai na ɗaga kai na ga rumfa wayam. Yanzu kuwa da safe abin da kunne ke ji shi ne hon ɗin motocin masu sammakon zuwa aiki Abuja da ƙarar janareta. Gidanmu ma ya bi sahu. Na yanyanka shi ɗaki-ɗaki na zuba 'yan haya, zauren da Baba ke shan iska ya zama shago, ni kuma tun da mai ɗakina ta rasu na tsira da ɗaki guda. Rimin ne kawai ya rage yadda na san shi, shi ma don sare shi aiki ne.

A daminar da ta wuce wani reshensa ya faɗo ya ragargaza inda wata 'yar hayata ke girki. Madam muke ce mata, mutuniyar kudu ce, tana sayar da busasshen kifi a kasuwa, tana zaune da 'ya'yanta biyu, kuma ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Allah ya tsare ba kowa a wurin. Da muka duba sai ga wani reshen da ya fi wancan girma, ya tsage daga gindi, ya miƙe daidai kan ɗakin da suke kwana. Na yi mata alkawari a gaban mutane cewa kafin wata damina rimin nan zai kwanta. Na nemo mai inji. Ya ce mako mai zuwa, injin ya lalace. Ya gyara, aka yi masa rasuwa ya tafi garinsu. Ya dawo, ya ce sai ya samo masu riƙe igiya saboda gidaje sun matse itacen. Haka ya yi ta ja na har rani ya yi nisa, ina zaginsa a zuci kullum, wataran har in aika masa da zagin.

Cikin wannan jiran ne wata malama ta yi sallama a ƙofar gida, da jaka a baya da madubin hangen nesa a wuya. Ta gaishe ni da ladabi ta ce ko zan bar ta ta zauna a tsakar gida ta kalli itacen. Na ɗauka ma'aikaciyar gwamnati ce, irin masu zuwa su auna abu su tafi ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Na ba ta kujera da ruwa. Ta ce tana aiki da wata ƙungiya mai kula da namun daji, na ce madalla, ban tambayi ƙari ba. Ta riƙa zuwa lokaci-lokaci, ta zauna ta ɗaga kai ta yi rubutu. Ta taɓa ce mini akwai sheƙa a can ƙoli, na ce to, a raina ina cewa wace itaciya ce ba ta da sheƙa. Idona ya yi rauni, wuyana ma ba ya son ɗagawa, ban kuma ga dalilin gaya wa baƙuwa zancen mai inji ba. Sai ga ta wata rana da katin gayyata, wai taron ƙarshen shekararsu na godiya ga waɗanda suka taimaka musu, kuma lallai in je.

Na je don kada a ce na yi girman kai. Zaure ne babba da kujerun roba, an cika da mutane iri-iri, har da wasu tsofaffin mafarauta da na sani, an sa musu hular hana-salla mai hoton tsuntsu suna zaune kamar an kama su. Shugabar ƙungiyar ta tashi ta yi ta lissafa abin da suka yi a shekarar. Ta ce sun karɓo birai da kunkuru daga hannun masu sayarwa sun mayar da su daji, sun kwance tarkuna, sun zaga makarantu, sun zauna da masu maganin gargajiya har wasu sun yarda su bar amfani da kan ungulu su koma ga saiwa da ganye. Ta faɗi adadi, ban riƙe ba. Ta gode wa waɗanda suka ba da dukiyarsu da waɗanda suka ba da lokacinsu, ana ta tafi, ni ina ta hamma. Sai aka kunna majigi, sai ga rimin gidanmu a bango, har da igiyar shanyar Madam. Aka matso da hoton, sai ga ungulu a kan sheƙa, a ƙarƙashinta wani ɗan abu mai farin gashi yana buɗe baki. Shugabar ta ce sun daɗe suna nema ba su ga sheƙar ungulu mai ɗa a cikin garin nan ba sai wannan, kuma da ba don wani dattijo ya ƙi sare itacen kakanninsa ba, da ita ma babu. Ina waige-waige in ga dattijon sai na ji an kira ni.

Ban san yadda na isa gaba ba. Ina tsaye da takarda a hannu ana ɗaukar hoto, sai muryar Baba ta dawo mini, ba a gode wa wanda bai nufe ka da alheri ba. Ashe ni ne yau a bakin kwazazzabo ina jira kamar ungulayen nan, mutane kuma suna ta sa mini albarka. In ma godiyar ce, ai mai injin da ya yi ta saɓa mini alkawari ya fi ni cancanta. Kunya ta kama ni, wani ɓangare na zuciyata kuma yana jin daɗin tafin, don rabon da a tafa mini tun ina ango.

Da aka tashi na ja malamar gefe na gaya mata komai. Ta dafe kai har na ji tausayinta. Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini tun farko ba?"

Na ce, "Ke ma ai ba ki tambaye ni ba, 'yata. Sama kike ta kallo."

Ta biyo ni gida a ranar, na nuna mata tsagar. Ta daɗe tana dubawa. Na ce to a yanke reshen kawai mana a bar sauran. Ta girgiza kai ta ce reshen yana dab da sheƙar, ƙarar inji da hawan mutane za su iya sa iyayen su gudu su bar ɗan, shi kuma ba zai iya tashi ba sai wajen faɗuwar ruwan farko. Na ce ai iskar ruwan farkon ce abin tsoron. Ta ce ta sani. "Sori Baba, ba zan yi maka ƙarya ba, ni ma ba zan kwana a ƙarƙashin wannan ba. Gidanka ne, ba ni da ikon hana ka." Da ta yi mini faɗa ko ta yi barazanar hukuma da na samu abin riƙewa, da na ce ta fita mini daga gida a wuce wurin. Sai ta bar ni da abina.

Madam tana tsugune tana wanke tukwane, ta ji duk abin da muka ce. Bayan malamar ta tafi ta share hannu a zane ta zo ta tsaya a gabana.

"Baba lanlod, abeg, don Allah, kai ka ce Asabar. Na yi haƙuri tun damina."

Na ce, "Na sani, Madam."

"Tsuntsu yana da fuka-fuki. Yarana ba su da shi."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Ranar Juma'a na wuni ina juya abin. Na ce a raina ni da na tsani tsuntsun nan tun ina yaro, me ya haɗa ni da ɗansa. Na ce alkawari na yi wa mace mai 'ya'ya a gaban shaidu. Sai kuma in tuna hoton nan na bango, in kasa gane ko tausayi ne, ko kunyar takardar da na karɓa, ko kewar kwatar da ba ta nan ce kawai take yi mini wasa da hankali. Bayan an sauko daga masallaci na roƙi wani ɗan hayata ya nuna mini daidai inda sheƙar take. Na ɗaga kai har jiri ya ɗebe ni, ban ga komai ba sai wani duhu-duhu tsakanin rassa.

Asabar da hantsi sai ga mai inji, karo na farko a rayuwarsa ya cika alkawari, da igiyoyi da mutum biyu.

"Baba, yau dai ga mu, inji lafiya lau. Ta ina za mu fara?"

Na ce ya koma, sai bayan ruwa ya sauka zan neme shi. Ya dube ni kamar na zauce, ya ce ni da nake aika masa saƙon zagi. Na ce ni ɗin ne dai. Madam ta fito ta kama ƙugu, idonta ya kawo ruwa, kafin ta yi magana na miƙa mata makullin ɗakina, wanda yake can ƙarshen gida inda ko ganyen rimin ba ya kaiwa. Na ce ta kwashe kayanta da yaranta su koma can, ni zan shiga nata. Ta ƙi, ta ce ba za a ce ta tura tsoho ƙarƙashin mutuwa ba. Na ce ba ita ta tura ni ba, kuma gidana ne, inda na ga dama nan zan shimfiɗa tabarmata. Kafin azahar an gama musayar, 'yan haya suna ɗaukar kaya suna satar kallona.

Labari ya kai wa babbar 'yata da ke aure a unguwar Hashimi, sai ga ta ko mayafi ba ta gyara ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi rufin kwano, ta fita ta dubi reshen, ta dawo.

"Baba, saboda ungulu?"

Na ce, "Ban sani ba."

"To ka taho gidana har a sare."

Na ce ta taɓa jin inda na kwana a gidan suruki. Ta ce wannan rigima ce irin ta tsufa, na ce mai yiwuwa. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta tafi ta aiko mini da tuwo. Malamar ma da ta ji ta zo a ruɗe, ta ce ba haka take nufi ba, za ta nemo masu ɗaure reshe da igiyar ƙarfe su tallafe shi. Ta kawo wani ya duba, ya ce zai dawo da kayan aiki, ina nan ina jiransa yadda na jira mai inji.

Yanzu a ɗakin Madam nake wannan rubutu, warin busasshen kifi bai gama fita daga bango ba. Takardar yabon tana cikin akwati, na rasa ko in rataye ta ko in mayar musu. Idan aka tambaye ni ko abin da na yi daidai ne ba ni da amsa, wataran in ga na kyauta, wataran in ga tsoho ne kawai ya ji tafi ya rikice. Madam takan leƙo da safe ta gaishe ni, ta dubi sama kafin ta dube ni, ta ce in iska ta taso in bar komai in taho wurinsu. Malamar ta zo shekaranjiya ta ce ɗan ya fara tsayawa a bakin sheƙa yana gwada fuka-fukansa, saura kaɗan. Jiya da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kaɗa har na ji reshen yana ƙara a kan kwano, sannan ya watse ba a yi ruwa ba. Yau ma ga shi can yana haɗuwa, ɗan kuma bai tashi ba tukuna.